Faɗaɗa ramin tsakiyar rim don Hilux: sharhi kan aikin wani shagon sassaƙar ƙarfe a Jos

Duk mai a-kori-kura a Jos da yake yawan bin hanyoyin Mangu, Bokkos ko Barkin Ladi da kaya ya san cewa rim ba ya daɗewa a miƙe, kuma ya san cewa samun cikakken saiti na asalin motarsa a wurin masu kayan Beljiyam ba kullum yake yiwuwa ba, in ma an samu farashinsa yakan yi nauyi. Wannan ne yake tura mutane ga rim na wata mota wanda ramukan notinsa suka yi daidai da na tasu, sai a zo ɗaurawa a tarar ramin tsakiya ya yi ƙanƙanta, ya ƙi hawa kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, daga nan kuma sai a ce su je a faɗaɗa. Na kai irin wannan aiki wani shagon sassaƙar ƙarfe da ke yankin Farin Gada, domin a gyara rim huɗu na alminiyam su zauna a kan Hilux ɗin da muke ɗaukar dankali da kayan gwari da ita. Hukuncina a kan shagon shi ne cewa aikin injinsu da awonsu sun kai a amince musu da ran mutum, amma abin da ya biyo bayan sauke rim daga injin, wato notoci, ɗauri, tsafta da cika alkawarin lokaci, yana buƙatar gyara sosai, kuma ya kamata mai zuwa ya san da haka tun daga gida.

Sai an fahimci lambobin kafin a gane dalilin da ya sa aikin yake tasowa. Yawancin motocin a-kori-kura masu noti shida tsarin ramukan notinsu ɗaya ne, wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, daidai da inci biyar da rabi. Hilux mai noti shida, Prado, Ford Ranger, Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 duk a kan wannan tsari suke, shi ya sa mai sayar da rim zai iya rantse maka cewa kayan za su shiga, kuma a iya abin da idonsa ya gani bai yi ƙarya ba. Inda suka rabu shi ne ramin tsakiya. Na Hilux milimita 106.1 ne, na D-Max 100.1, na Ranger daga 2011 zuwa sama 93.1, na Chevrolet Silverado da ake shigowa da ita daga Amurka 78.1, na L200 ta zamani kuwa 67.1 kacal. Ramin Toyota ya fi na sauran duka faɗi, saboda haka rim ɗinta yakan hau kan waɗancan motoci da taimakon zoben cike gurbi, amma nasu ba ya hawa kanta sai an cire nama daga tsakiya. Hatta a cikin gidan Toyota ba a tsira ba, domin Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta dawo noti shida a kan 139.7, amma ramin tsakiyarta 95.1 ne, kuma ƙusoshinta sun fi na Hilux kauri.

Akwai fahimtar da ta yaɗu a gareji cewa leɓen hob ɗin da yake shiga ramin tsakiya shi ne yake ɗaukar nauyin mota. Ba haka abin yake ba. Abin da yake riƙe nauyi shi ne matsewar da notoci suke yi wa bayan rim a jikin fuskar hob, har fuskokin biyu su kama juna su zama kamar abu guda. Aikin ramin tsakiya shi ne ya zaunar da rim a tsakiya daidai kafin a ɗaure, ta yadda cibiyar taya da cibiyar hob za su zama ɗaya. Idan aka faɗaɗa ramin ya karkace da rabin milimita kawai, tayar za ta riƙa hawa da sauka da milimita guda a kowane zagaye, kuma taya mai lamba 265/65 R17 tana zagayawa fiye da sau 11 a kowace daƙiƙa idan mota tana gudun kilomita 100 a awa. Wannan shi ne karkarwar sitiyarin da ake ta kai wa masu balansin, wato masu daidaita nauyin taya da dalma, ba ta tafiya. Mafi muni kuma, idan ramin ya matse a kan hob alhali ya karkace, to rami yana jan rim gefe ɗaya, notoci suna jansa wani gefen, ƙusoshin taya ne suke shan wahalar wannan ja-in-ja har su gaji su karye. A kan hanya irin ta Hawan Kibo, gangaren da ke tsakanin Jos da Akwanga, da kaya a baya, karyewar ƙusoshin taya ba abin da za a ɗauka da sauƙi ba ne.

Saboda haka ne nake ganin tambayar da ta dace a yi wa mai wannan sana'a ba ita ce ko zai iya buɗe ramin ba, domin kowane mai walda zai iya. Na sha ganin rim ɗin da aka buɗe da injin gurza ƙarfe na hannu, bakinsa tudu da kwari, na kuma ga na ƙarfe da aka yanka da wutar gas har fentin kewayen ya ƙone ya yi baƙi. Wuta ta fi ɓarna a kan alminiyam, domin rim na alminiyam ana gasa shi ne a masana'anta a wani ƙayyadadden zafi don ya yi ƙarfi, kuma da zarar an sake ɗora masa wuta wannan ƙarfin ya tafi, ko da ido bai ga wani canji ba. Tambayar ita ce ko sabon ramin zai fito a kan cibiya ɗaya da tsohon, kuma ko mai aikin zai gaya maka gaskiya idan rim ɗin bai dace da motarka ba tun asali.

A kan wannan tambaya ta biyu shagon ya fara samun yardata. Shago ne mai tsawo, rufin kwano, da injinan sassaƙa guda biyu, babba da ƙarami, da injin huda ƙarfe a lungu, kuma mafi yawan aikin da ke jibge a ƙasa na faifan birki ne da diram da sandunan ƙarfe na injinan niƙa. Jos gari ne da ya daɗe da sanin aikin ƙarfe tun zamanin kamfanonin haƙar kuza a Bukuru da kewaye, kuma har yau ana samun dattawan da hannunsu ya faɗa a kan irin waɗannan injina. Maigidan shagon yana cikinsu. Rim ɗin da na fara kai masa na Ford Ranger ne, guda ɗaya da wani mai kayan mota a unguwar Dilimi ya yarda na ɗauka na gwada bayan na ajiye kafin alƙalami. Bai ɗora shi a kan inji ba, bai ma yi maganar kuɗi ba. Ya kife shi a ƙasa, ya goge bayansa da tsumma har lambobin da aka zuba a jikin ƙarfen suka fito, ya nuna mini inda aka rubuta ET55, lambar da take nuna zurfin zaman rim a cikin mota da milimita. Sannan ya sa yaronsa ya kwance tayar gaba ta Hilux ɗin, ya gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bayan kowane rim, ya auna zurfi daga ƙarfen zuwa fuskar da take haɗuwa da hob. Na Toyota yana ɗauke da ET30, kuma awon ya tabbatar da abin da lambar ta faɗa: rim ɗin Ranger zai nutse cikin mota da kusan milimita 25 fiye da na asali, har gefen taya ya kusanci ƙarfen sama da yake riƙe ƙafar gaba.

Abin da ya ce mini a nan gajere ne. "Alhaji, ramin nan zan iya buɗe maka shi yau, amma rim ɗin ba na motarka ba ne. Mayar musu da kayansu tun ban taɓa shi ba, don in na sa masa wuƙa ba za su karɓa ba." Na ce, "Baba, in aka sa faranti a baya ya turo shi waje fa?" Ya ce ana yi, amma shi ba ya son ya haɗa gyara biyu a kan taya ɗaya ta motar da take ɗaukar buhuna, domin faranti yana cinye tsawon ƙusa, noti ya rasa isasshen zaren da zai kama. Bai karɓi ko kwabo a kan wannan awo ba. Mutumin da aiki ya zo har ƙofarsa, ya duba ya ce a mayar, ya nuna cewa sunansa ya fi masa kuɗin ranar, kuma a sana'ar da kuskurenta yake bayyana a kan titi, wannan hali ya fi kowane inji daraja.

Shi ne ya ba da shawarar a nemi na Isuzu D-Max mai inci 17, saboda dalilai uku da ya zayyana a tsaye. Zurfin zamansa yana kusa da na Hilux, motocin biyu ajinsu ɗaya wajen ɗaukar kaya, sannan naman da za a cire kaɗan ne: daga 100.1 zuwa 106.1 milimita 6 ne a faɗi, wato milimita 3 a kowane gefe. Idan aka kwatanta da na Ranger da za a cire 6.5 a kowane gefe, ko na Silverado da za a cire 14, ko na L200 da za a cire 19.5, za a ga bambancin ba ƙarami ba ne. Ya kuma bayyana wani abu da ban taɓa jin wani makaniki ya ambata ba. Tsakanin bakin rami mai faɗin 106.1 da tsakiyar ramin noti akwai tazarar milimita 16.8 kawai, kuma a cikin wannan tazarar ce rabin ramin notin da mazauninsa suke. Toyota ta zana rim ɗinta da sanin haka, ta bar nama mai kauri a wurin. Rim ɗin da aka zana don ƙaramin rami kuwa sau da yawa akwai kwarurruka a bayansa da aka bari don rage nauyi, kuma idan wuƙa ta faɗa cikinsu sai a wayi gari fuskar da ya kamata ta kama hob ta zama 'yan tsibirai. Kafin ya karɓi na D-Max ɗin sai da ya zana da'irar sabon ramin da alli a bayan kowane ɗaya, ya tabbatar ba ta taɓa ko kwari ɗaya ba, ya duba ko akwai tsaga ko tsohuwar walda a ƙarƙashin fenti, ya kuma nemi alamar JWL-T, wadda ita ce shaidar ƙa'idar Japan ta rim na alminiyam da aka yi don motocin ɗaukar kaya da bas.

Na tsaya na kalli yadda ya yi na farko daga ɗorawa har saukewa, kuma a nan ne na ga inda kuɗin aikin yake tafiya. Ya ɗora rim ɗin a kan babban injin, fuskarsa tana kallon inji, bayansa yana kallon wuƙa, ya kama shi da haƙora huɗu waɗanda kowanne ake matsawa shi kaɗai. Sai ya kafa agogon awo mai allura, ya jingina bakinsa a cikin tsohon ramin, ya riƙa juya rim ɗin da hannu a hankali yana kallon allurar. Ta yi gaba, sai ya sassauta haƙori ɗaya ya matse na daura da shi, ya sake juyawa. Haka ya yi ta yi har allurar ta kusa daina motsi. Bai tsaya nan ba, ya mayar da agogon kan fuskar da take haɗuwa da hob, ya ɗan bubbuga gefen rim ɗin da guduma ta roba har nan ma ta kwanta, sannan ya koma ramin ya sake dubawa, domin gyaran ɗaya yana iya taɓa ɗayan. Wannan saiti ya ci lokaci fiye da yankan kansa nesa ba kusa ba. Da ya kunna inji, bai ci naman a tashi ɗaya ba; ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, yaron yana ɗiga kananzir a bakin wuƙa don kada alminiyam ya manne mata, ɓawon ƙarfen yana fitowa siriri yana naɗewa. Da ya kusa kaiwa sai ya tsayar, ya auna, ya ƙara ɗan shafawa, sannan ya ɗauko wani tsohon hob na Hilux da yake ajiye a ƙarƙashin teburi don wannan aiki, ya gwada. Hob ɗin ya shiga da turin hannu, ba tare da guduma ba, kuma da na girgiza shi ban ji wasa ba.

Abubuwa biyu da ya yi a ƙarshe su ne suka bambanta shi da mai aikin gaggawa. Na farko, ya kashe kaifin bakin ramin ta baya ya karkata shi, domin a gindin leɓen hob akwai ɗan lanƙwasa, kuma idan bakin rim ya kasance mai kusurwa sai ya hau kan wannan lanƙwasa ya hana fuskokin biyu haɗuwa. Irin wannan rim yakan zama kamar murfin tukunyar da ba nata ba, ya rufe amma bai zauna ba, kuma noti zai nuna ya ɗauru alhali bayan 'yar tafiya zai saki. Na biyu, bai huda ramin ya fita ta gaba ba. Ya auna tsawon leɓen hob na gaba da na baya, ya yanka zurfin da ya ɗara hakan kaɗan, ya bar bakin gaba yadda yake don murfin tsakiya ya ci gaba da kamawa ya tare ƙura da ruwa. Ya yi bayanin cewa a tsohuwar Hilux mai makullin hob da ake murɗawa da hannu ba a iya yin haka, tunda makullin yana leƙowa waje, dole ramin ya fita gaba ɗaya.

Kuɗin da ya caza a kan guda huɗun bai kai farashin rim ɗaya na Beljiyam ba, kuma bai yarda a yi dogon ciniki ba. Ni ban ga tsada a ciki ba idan aka dubi lokacin da saiti yake ci. Akwai masu yi a ƙasa da haka a garin nan, amma araha ba ta ado.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, kuma ba zan rage komai ba, domin wasu daga cikin gazawar suna iya ɓata kyakkyawan aikin da aka yi a kan inji. Mafi girmanta ita ce maganar notoci. Rim na alminiyam na asalin Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen wosha da ɗan wuya da yake shiga cikin ramin, shi kuwa rim ɗin da aka gyara mini mazauninsa mai gangare ne, yana buƙatar noti mai tsinin kai. Zaren duka biyun ɗaya ne, M12 mai taki 1.5, wato kaurin ƙusa milimita 12 da tazarar 1.5 tsakanin layukan zare, saboda haka notin da bai dace ba zai shiga ƙusa lafiya lau, ya ɗauru, ya yaudari mai ɗaurawa, alhali a kan siririn layi kawai yake taɓa rim ɗin. Maigidan ya san wannan sarai, ya kuma faɗa mini da na tambaya, amma bai fara ɗaga maganar da kansa ba, ba ya ajiye notocin, kuma yana can yana saita wani aiki sa'ad da ɗaya daga cikin yaran ya ɗauko tsofaffin notocin motar zai ɗaura. Sai da aka tsayar da shi aka aika Dilimi aka sayo 24 masu dacewa. Wanda bai san bambancin ba zai bar wurin da rami mai kyau da ɗauri mai haɗari, kuma a ganina shagon da yake karɓar wannan aiki wajibi ne ya ɗauki noti a matsayin ɓangaren aikin.

Haka nan ba su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Littafin Hilux mai noti shida ya ba da 105 a ma'aunin Newton-mita, amma a shagon da wilsifana da ƙarin bututu ake ɗaurewa, yaro ya hau kai da ƙafa. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙusa ya raunana ta, yana kuma murƙushe mazaunin noti a jikin alminiyam. Na roƙi a ɗaure da hannu kawai, a tsallake-tsallake ba a jere ba, sannan na wuce wani wurin balansin da yake da ma'aunin aka kammala a can. Wurin da ya mallaki agogon awo mai ganin kaso ɗaya cikin ɗari na milimita bai kamata ya rasa wannan sifana ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen sun fi sauƙi, amma suna nan. An yi mini alkawarin gamawa a yini ɗaya, aikin ya kwana saboda ɗauke wuta, kuma ba a gaya mini tun farko cewa tayar da janareta yana da nasa kuɗi daban ba. Ɗaya daga cikin rim ɗin ya fito da tabon haƙorin inji a gefensa, domin an manta a sa masa ƙyallen roba kamar yadda aka sa wa sauran. Ba a wanke ɓarɓashin alminiyam daga ramukan noti ba, ba a kuma shafa komai a kan sabon yankan ba, alhali ɗanyen alminiyam da ya haɗu da ƙarfen hob da ruwan damina irin na Jos yakan yi farin tsatsa ya manne, har ranar da taya ta yi faci a hanya a rasa yadda za a cire ta. Ɗan giris kaɗan a leɓen hob yana maganin wannan, muddin bai taɓa ƙusoshi ko fuskar ɗauri ba. Ba su ba da rasit mai ɗauke da awon da aka yi ba. Abin da ya fi damuna a zuciya kuwa shi ne yaran da suke tsaye a bakin inji ba tabarau, ɓawon ƙarfe yana tashi kusa da idanunsu; na yi wa maigidan magana, ya ce akwai tabarau ba sa son sawa, amma mai shago shi ne mai iko a shagonsa.

A wurin balansin aka sami shaida ta farko a kan ingancin yankan. Injin balansin yana kama rim ne ta ramin tsakiya, saboda haka idan ramin ya karkace injin zai yi ta neman dalma mai yawa, kuma ko ya nuna sifili a kan allo motar za ta yi rawa a titi. Guda huɗun nan kowanne ɗan dalma kaɗan ya ɗauka, kuma da aka juya su a kan injin gefensu bai yi lilo ba. Daga nan na bi hanyar Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a ba kaya, sitiyari bai motsa ba a tsakanin kilomita 80 da 110 a awa, inda irin wannan karkarwa ta saba fitowa. Na sa an sake duba ɗaurin bayan tafiyar da ba ta wuce kilomita 100 ba, kamar yadda ake so a yi wa duk rim na alminiyam da aka ɗaura sabo, noti biyu suka ɗan ƙara shiga, sauran suna nan daram. Tun daga lokacin motar ta yi ta zirga-zirga da buhunan dankali daga Bokkos, ta kuma sauka Hawan Kibo ta bi Akwanga da Keffi zuwa Abuja da cikakken lodi, tayoyin suna cin ƙasa daidai, kuma da aka kwance don duba birki ba a ga tsaga ko alamar gogayya a kewayen ramin ba.

Ya kamata masu manyan motoci su san cewa shagon ba ya karɓar irin wannan aiki a kan tirela da tifa, kuma ina ganin daidai ya yi. Ina wurin wani direba ya kawo rim na ƙarfe mai noti goma yana so a buɗe masa tsakiya, maigidan ya auna ya mayar masa. Motocin Turai irin su MAN, DAF da Mercedes suna amfani da ramuka goma a kan da'irar milimita 335 da ramin tsakiya 281, yayin da tsarin Amurka yake da ramuka goma a kan 285.75 da ramin tsakiya 220. Tunda da'irar notocin ma ta bambanta, faɗaɗa tsakiya ba ya kai mutum ko'ina, sai dai ya kai shi ga mataki na gaba mai muni, wato jan ramukan noti su zama dogaye. Ko a ƙananan motoci ya ce ba ya jan ramin noti, misali don a ɗora rim na Ford F-150 mai da'irar 135 a kan mota mai 139.7, domin noti ba zai taɓa zama a tsakiyar mazauninsa ba. Yana kuma ɗari-ɗari da rim na ƙarfe gaba ɗaya, saboda bakin raminsa lanƙwasasshe ne daga masana'anta, kuma wannan lanƙwasa tana cikin abin da yake ba tsakiyar ƙarfi. Idan faɗaɗawar za ta cinye ta, ba ya yi.

Wanda zai je ya tafi da motar kanta, ba da rim kaɗai ba, ya kuma fara da guda ɗaya bisa yarjejeniya da mai sayarwa cewa za a iya mayarwa idan awo bai yi ba. A gwada na farkon da aka yanka a ƙafar gaba, a juya shi da hannu a tabbatar bai taɓa kalifar birki, wato ƙarfen da yake matse faifan birki, ba, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, kafin a ba da izinin yanka sauran. Ya riƙe notocinsa masu dacewa a hannu, ya kuma tambayi kuɗin janareta tun kafin a ɗora aiki. Akwai kuma wani hakki da yake kan mai motar bayan an gama: yankan nan ba ya komawa, kuma rim ɗin har yanzu yana ɗauke da tambarin Isuzu, saboda haka duk wanda ya saye shi nan gaba don D-Max zai ɗauka ramin 100.1 ne alhali ya zama 106.1, sai da zoben cike gurbi zai zauna masa a tsakiya. Na sa an rubuta sabon awon da fenti a bayan kowane ɗaya, kuma na shawarci maigidan ya mayar da hakan ƙa'idar shagonsa ga duk rim ɗin da ya sauka daga injinsa.